Darasi na 7: Zaɓen ƙwayar bindigar iska don maganin kurege a gona

Ruwan shuka na sauka, kurege yake fitowa. Manomin gyaɗa a Madarunfa ko Gidan Rumji ya san aikinsa: ka shuka yau, gobe ka tarar an bi layi ana tone iri rami bayan rami. Masu lambu a Jiratawa da bakin Gulbin Maraɗi su ma suna fama da shi, da zomo, da gafiya. Wasu na kafa tarko, wasu na saka kare, wasu kuma sun sayi bindigar iska, wadda ba ta cin alburushi, iska ce ke tura ƴar ƙwayar dalma. Wannan darasi a kan ƙwayar yake, don yawancin kuskuren harbi daga gare ta yake farawa.

Kafin komai, doka. Farauta a Nijar tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, kuma ma'aikatan gandun daji ke kula da ita. Ka je ofishinsu ka tambaya kafin ka sayi bindiga kowace iri, ka ji dabbar da aka yarda ka harba a gonarka da takardar da ake nema. Dajin Gadabeji kuwa wuri ne da aka keɓe, ba a shiga da bindiga.

Karanta gwangwani

A jikin gwangwanin ƙwaya akwai lambobi biyu. Ta farko faɗin ƙwaya ce: 4,5 mm ko 5,5 mm. Wasu gwangwanaye na rubuta .177 maimakon 4,5, ko .22 maimakon 5,5. Abu ɗaya ne. An buga wannan lamba a jikin ƙarfen bindigarka, ka duba, dole su zo daidai.

Ta biyu nauyi ce. Idan ka ga harafin g shi kaɗai, giram ne. Idan ka ga gr, wani awo ne na Ingila da Amurka, kuma gr 15 da ɗan ɗori ne ke yin giram 1. Nan mutane ke ruɗewa, su ga 8,4 gr su ɗauka giram takwas ne, alhali rabin giram ne da kaɗan. Ƙwayar 4,5 mai matsakaicin nauyi tana tsakanin 0,50 g da 0,55 g. Mara nauyi 0,45 g. Mai nauyi ta kai 0,67 g. Ta 5,5 matsakaiciya tana kusa da giram 1.

Me ya sa mafi sauƙin nauyi ba ita ce mafi kyau ba

Mai shago zai ce maka mara nauyi ta fi gudu. Gaskiya ya faɗa, amma rabin zancen ke nan. Tana fita da gudu, sai dai tana saurin gajiya, don iskar da take ketawa ta fi ƙarfinta. Kafin ta kai mita 30, mai matsakaicin nauyi ta fi ta ƙarfin duka. Iskar gefe ma ta fi wasa da ita. Ranar da hunturu ke kaɗawa, ko gabanin hadari, ƙwayar 4,5 na iya gocewa faɗin yatsu biyu ko uku a mita 30, kan kurege kuwa bai wuce haka ba.

Akwai wata da ba ta dalma ba, fara mai ƙyalli, nauyinta wajen 0,35 g. A bindiga mai ƙarfi tana wuce gudun sauti, wato kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya. Za ka ji ta yi ƙara kamar bulala, duk kuregen da ke gonar ya shige rami, ita kuma ta fara tangaɗi a hanya, ta faɗa inda ba ka nufa ba. Ga kuma ɓarnar da take yi wa bindiga. A cikin bindigar da ake karyawa a ɗana akwai sifirin da ke tura wani ƙarfe, ƙarfen ya matse iska. Nauyin ƙwaya ne ke ɗan riƙe iskar, iskar ta tare ƙarfen kada ya daki bango da ƙarfi. Ƙwayar da ta cika rashin nauyi takan fice da wuri, ƙarfen ya doku, robar da ke bakinsa ta lalace, wata rana sifirin ya karye. Dalilin da ya sa ba a jan kunama babu ƙwaya a ciki ke nan.

Mai nauyi sosai ita ma da nata. A bindiga mara ƙarfi tana tafiya a hankali, tana sunkuyawa ƙasa da wuri, sai ka yi ta harbin ƙasa a gaban dabba. Ga bindigar gona ta yau da kullum, wadda ke tura 0,55 g da gudun mita 240 a daƙiƙa, shawararmu matsakaiciya. Tsakanin 4,5 da 5,5 kuwa: 4,5 ta fi tafiya a miƙe, ta fi yafe maka idan ka kuskure awon nisa, 5,5 ta fi duka, ta fi dacewa da zomo da gafiya.

Siffar kai

Ka ɗora ƙwaya a tafin hannu ka duba. Ƙirar kalangu gare ta: kai a gaba, ƙugu siriri, gindi mai rami a baya. Iska ke shiga ramin gindin ta buɗa shi ya kama cikin bututu. Kan ne ya bambanta.

Mai shafaffen kai ta harbin takarda ce, a mita 10. Ta wuce 15 ko 20 ta gaji. Mai tsini tana da ban sha'awa a ido, amma tsinin ba ya cika zama a tsakiya daidai, don haka takan warwatsu, kuma takan ratsa dabba ta wuce ba tare da ta kayar da ita ba. Mai rami a kai tana buɗewa idan ta shiga, tana da kyau ga ɓera a gindin rumbu, a kusa. Mai kai zagaye ita ce ta gona. Idan kuɗinka na gwangwani ɗaya ne, ita za ka saya.

Gwaji a kwali

Bindiga biyu ƙirar kamfani ɗaya ba lallai su so ƙwaya ɗaya ba, sai an gwada. Ka sami kwali, ka zana ɗigo da gawayi, ka jingina shi da tudun yashi ko tsohuwar katangar ƙasa inda babu hanya a baya. Ka auna taku 25 na babban mutum, wajen mita 20 ke nan. Ka zaɓi safiyar da babu iska. Ka zauna, ka ɗora hannunka a kan buhun yashi, bindiga a kan tafin hannun, ba a kan dutse ko itace ba, don bindigar sifirin tana zabura idan ta taɓa abu mai tauri. Kada ka matse ta.

Ka fara da harbi 10 na banza, bututu ya saba da sabuwar dalma. Sannan ka harba 5 a ɗigo ɗaya. Kada ka damu ko sun sami ɗigon. Wannan aikin gyaran saiti ne, daga baya. Abin dubawa shi ne ko ramukan sun taru. Ka ɗora kwabon dala ashirin a kansu. Ya rufe duka biyar, ƙwayar ta karɓi bindigarka. Bai rufe ba, ka gwada wani gwangwani. Idan ka sami mai kyau, ka ja baya taku biyar biyar. Nisan da kwabon ya daina rufe ramukan, nan ne iyakarka, kada ka harbi mai rai bayansa. Dabbar da aka raunata ta shige rami an zalunce ta, kuma ba a yi maganin komai ba.

Idan ramuka huɗu sun taru ɗaya ya yi nisa, ka dubi gindin ƙwayoyinka. Dalma na da taushi, wadda aka zuba a aljihu tare da makulli takan lanƙwashe, iska ta zurare ta gefe. Ka zubar da lanƙwasassu, ka bar sauran a gwangwaninsu da ɗan tsumma don kada su yi ta karo a kan babur. Idan duka sun warwatse, ka ɗaure kusoshin da ke riƙe ƙarfe da katako, sukan kwance. Idan kuma ka ji ƙara mai ƙarfi da hayaƙi, wani ya ɗiga man inji a ramin iska, man ne ke kamawa da wuta. Ba a sa shi a nan.

A gona

Kurege na fitowa da hantsi da kuma la'asar. Ka zauna a inuwa kusa da raminsa, ka nufi kai, tsakanin ido da kunne. Ka harba ƙasa-ƙasa, inda yashi zai shanye ƙwaya. A kan fako, dutse ko ruwa tana tsalle ta canza hanya, kuma ko ta bindigar iska ce tana fasa ido, tana iya kashe yaro. Da damina gero na rufe mutum. Abin da ba ka ga bayansa ba, kada ka harba. Gafiya da dare take yawo, ita tarko ya fi mata. Tsuntsun jan baki ba a gama shi da ƙwaya ɗaiɗai. Mujiya da shaho kuwa ka bar su, ɓera suke ci maka.

Dalma guba ce. A 2010 ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara, maƙwabtanmu, ta hanyar ƙurar dutsen zinariya. Kada ka riƙe ƙwaya a baki yayin ɗana bindiga, ka wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, ka ɓoye gwangwani inda yara ba sa kaiwa. Zomon da za a ci, a ciro ƙwayar, a yanke naman da ke kewayen raunin a jefar.

Aikin aji

Gwangwani na da ƙwaya 500, kowace 0,5 g. Giram nawa ke ciki? An harba 10 na banza, sannan 5 sau uku. Nawa suka rage? Kowa ya rubuta lambobi biyun da ke jikin gwangwanin da malam ya kawo, ya faɗi wacce ce faɗi, wacce ce nauyi.