Kafin ka ce marubuci ya yi maka maguɗi

Mai karatu ya kai shafin ƙarshe na labarin binciken kisan kai, an fallasa mai laifi, sai ya yar da littafi yana cewa an cuce shi. Sau da yawa shi ne bai buɗe ido ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar ɓoyewa a matsayin ƙarya. Alkawarin da marubuci ya yi maka guda ne: duk shaidar da mai bincike ya gani, kai ma za ka gan ta. Bai ce zai nuna maka ita da yatsa ba. Da Agatha Christie ta fitar da The Murder of Roger Ackroyd a 1926, wasu sun yi mata ca cewa ta yi maguɗi, marubuciya Dorothy Sayers kuwa ta tsaya mata. Ni ina bayan Sayers. A littafin, an faɗi lokacin da wasiƙa ta shigo wa mutumin da aka kashe, tara saura minti 20, an faɗi lokacin da baƙonsa ya fita, tara saura minti 10. Abin da ya faru a tsakani ne kawai aka yi shiru a kai. Maganin wannan kuskure shi ne ka koma baya ka sake karanta wurin kafin ka yanke hukunci.

Akwai kuma gaggawa. Mutum ya tsallake zanen gida da jerin lokuta don ya cim ma ƙarshe, alhali nan aka binne amsar. Ajiye takarda kusa, ka riƙa rubuta wa ya ce yana ina, ƙarfe nawa.

Wasu kuma sun mayar da dokoki 10 na rubuta labarin bincike da marubuci Ronald Knox ya tsara a 1929 sanda, har suna dukan labaran mai bincike Sherlock Holmes da ita. Holmes ya fito tun 1887, kuma marubucin da ya ƙirƙire shi, Conan Doyle, bai taɓa yin wannan alkawari ba. Ka ji daɗin kaifin basirarsa, kada ka yi tsere da shi.

Maguɗi na gaskiya yana nan, kuma idan ka gan shi ka yi magana: makashin da bai bayyana ba sai a babin ƙarshe, gubar da kimiyya ba ta sani ba, ɗan tagwaye da ba a taɓa ambata ba, ko fatalwa ta warware abin da hankali ya kamata ya warware. Duk waɗannan Knox ya hana su.