Yadda za a hana kamun kifi ya cinye ƙaramin tafki

Ƙaramin tafki ba ya da inda kifi zai tsere. Masunta goma da taru za su iya share shi a rani ɗaya. Alamar farko tana fitowa ne a jikin kifin: karfasa da a da take cika tafin hannu ta koma kamar yatsu uku, kuma a wannan ƙanƙantar za ka tarar da ƙwai a cikinta. Idan aka ga haka, Sarkin Ruwa ya tara masunta tun kafin damina.

A fara da idon koma. Dokar kamun kifin ruwan daɗi ta Najeriya ta 1992 ta hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci 3 idan an miƙe idon. A yanka ɗan katako daidai wannan faɗin, a ajiye a mashigar ruwa, duk kallin (ragar da ake shimfiɗawa a ruwa) da katakon bai shiga idonsa ba ya koma gida. Gidan sauro kuwa a ƙwace shi, domin 'ya'yan kifin baɗi yake kwashewa. Taru ma a ƙaramin ruwa ɓarna ce: yana jan ƙasa, yana rushe ramukan da namijin karfasa ke haƙawa a bakin gaɓa, ta macen kuma da ta ji raga sai ta tofar da ƙwan da take riƙe da shi a baki.

Sai rufe ruwa. Tarwaɗa tana hawa cikin ciyawar da ruwa ya mamaye da farkon damina ta zuba ƙwai, a lokacin ne kuma ake tare ta da gura, wato tarkon kifi, a mashigi. Daga Yuni zuwa Satumba a cire gura da dumba, wato shingen tare kifi, daga hanyar ruwa baki ɗaya. Da bazara, idan ruwa ya ja, a ware gurbi mafi zurfi a kafa masa sanda, kowa ya san ba a taɓa shi. Iyayen kifi a can suke fakewa. Kogin Matan Fada a Argungu da irin wannan hanin yake tara manyan kifi har ranar bikin kamun kifi.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne kwashe tarwaɗa da ragon ruwa don sun fi kuɗi. Idan babu mai cin 'ya'yan karfasa, sai su yi yawa fiye da abincin tafkin, su tsumbure.

A riƙa leƙa ruwan da asuba. In kifi yana tasowa sama yana haki kuma ruwan ya yi kore shar, taki da kashin shanu sun yi yawa, iskar da kifi ke shaƙa ta ƙare a cikin dare. A keɓe wa shanu mashaya guda, a bar ciyawa tsakanin gonakin rani da gaɓa. Wanda aka kama da Gamalin ko wani maganin feshi a ruwa, a miƙa shi ga hukuma, kada a tsaya a kan tarar gari.