Yadda za ka kai iyali kwanan tanti a Turai ba tare da kun faɗa sansanin 'yan tsirara ba

'Yan uwa mazauna Jamus da Faransa da kewaye, in hutun Yuli da Agusta ya zo yara suka ishe ka da "Baba kowa a ajinmu ya yi tafiya", ka duba kuɗin otal ka ga abin ya fi ƙarfin aljihu, to kampin, wato kwanan tanti a sansanin hutu, shi ne mafita. Amma fa ka buɗe ido wajen kama wuri, don sansanonin nan iri biyu ne kuma a hoto duk bishiyoyi ne da ruwa.

Fara da karanta sunan wurin a tsanake. In ka ga FKK a Jamus ko Kuroshiya, ko naturiste a Faransa, to wurin masu zama haihuwar uwarsu ne. Kuma kar ka ga an rubuta "na iyali" ka saki jiki, su ma da iyalansu suke zuwa, kaka da jika. Abin ya daɗe a can, sansanin Montalivet da ke bakin tekun Atlantika a Faransa tun 1950 yake, a nan ma aka kafa ƙungiyarsu ta duniya a 1953, a Cap d'Agde da ke kudancin Faransa kuwa unguwa ce sukutum da shagunanta. Suna da dokokinsu masu tsauri, ba ɗaukar hoto, ba ƙura wa mutum ido, kowa da tawul ɗin da zai shimfiɗa kafin ya zauna. Al'adarsu ce, ba ruwansu da kowa, mu dai ba wurin zuwanmu ba ne shi ke nan.

Wanda ya fi rikitarwa shi ne wurin da aka haɗa biyun, sansanin na kowa ne amma wani ɓangare na bakin ruwan an ware wa 'yan FKK, wannan ya yi yawa a gaɓar tekun arewacin Jamus. Don haka ka kira su ko ka tura imel ka tambaya kai tsaye, babu kunya a ciki wallahi, sun saba da tambayar. Sauna kuma, wato ɗakin zafi da ake shiga a yi gumi, a Jamus galibi ba a shiga da kaya ko da a sansanin iyali ne, ka ja wa samarinka kunne tun a mota.

Ka tambayi maganar wurin ninƙaya ma. A Faransa wurare da yawa ba sa yarda namiji ya shiga da gajeren wando mai faɗi, sai matsattse, kuma wasu ba sa barin doguwar rigar wanka ta mata, gara uwargida ta sani tun daga gida da a ce sai ta je bakin ruwa a juyo da ita.

Kaya: tanti, katifar iska, bargo don dare na sanyi ko a Agusta, da shuɗin fulogin nan mai baki uku da ake jona wuta da shi, in babu shi ko caji ba za ka yi ba. Buta dole, ba za ka samu a banɗakinsu ba. In tanti bai yi maka ba akwai ƙananan gidaje na haya, sai dai su kam tun hunturu ake kamewa. Nama kuma ka taho da naka daga shagon halal, amma ka tambaya kafin ka hura gawayi, a kudancin Faransa ana yawan hanawa saboda gobarar daji.

Sai zaman tare da maƙwabta, nan ne mutanenmu ke shan harara. Ƙarfe 10 na dare ana so a yi tsit, a Jamus wasu har da rana daga ƙarfe 1 zuwa 3, mota ma ba ta shiga, mu kuwa lokacin hira ke daɗi. Kar yara su ratsa ta filin wani, su bi hanya. Ka gaida na kusa da kai da safe, in ka miƙa musu tsire ko shayi sai ka ga gobe su ke ara maka guduma. Asuba tana yi da wuri sosai a lokacin, ka rage ƙarar alam ɗin waya don tanti ba ya tare sauti, kuma ka yi odar burodin safe a ofishin sansanin tun da yamma, in ka bari sai gari ya waye ba lallai ka samu ba.