Babi na 7: Abin da Ke Hana Mu Faɗuwa

Darasi na 1

Ku ɗauki dutse, ku sake shi. Ina ya nufa? Ƙasa. Ku cilla shi sama ma, ƙasa zai dawo. Ƙasa tana jan komai, har da jikinmu, dare da rana. To ta yaya mace ke ɗauko tulu a kan gammo daga rijiya har gida, ba ta faɗi ba, ruwan bai zube ba?

Ƙwaƙwalwa tana da masu kawo mata labari guda 3: ido, tafin ƙafa da gaɓoɓi, sai kunnen ciki. Ba wannan kunnen da kuke taɓawa ba, a'a, yana can cikin ƙashin kai, bayan dodon kunne. A cikinsa akwai 'yan bututu 3 lanƙwasassu, cike da ruwa. In kun juya kai, ruwan ya motsa. Akwai kuma 'yan duwatsu da ba su kai ƙwayar yashi ba, kwance a kan 'yan gasu. In kun karkata, nauyinsu ya ja gasun wajen ƙasa. Da su ƙwaƙwalwa ke gane sama da ƙasa ko cikin duhu. Sashenta na wajen ƙeya ne ke haɗa labaran, ya sa tsoka ta gyara tsayuwa.

Darasi na 2: Gwaji

Ku fara zuwa jikin bango. Bango tukuna. Ku cire takalmi, ku dafa bangon da hannu ɗaya. Kun dafa? Ku duba hannunku, ku tabbatar. Yanzu ku ɗaga ƙafa ɗaya, ido buɗe, ku ƙirga zuwa 10. Madalla, kowa zai iya, kuma wanda ya kai 4 ma ya yi ƙoƙari.

Ku sauke ƙafar. Hannu na nan a bango. Ku sake ɗagawa, sannan ku rufe ido. Za ku ji idon sawu yana rawa, yatsu suna danna ƙasa: an cire mai kawo labari ɗaya, biyun da suka rage suna fama.

Ku lura da jerin: bango, ƙafa, sannan ido. A kowane aji sai an samu mai rufe ido a tsakar ɗaki tun kafin ya kai bango. Na ga wani dattijo ya yi haka ya faɗa kan benci, gwiwarsa ta kumbura. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Ba gasar jarumta muke yi ba. Iyayena, ku musamman: bango, ƙafa, ido. Mai juna biyu da mai ciwon gwiwa su zauna su kalla.

Darasi na 3

Yaro ya yi hajijiya, ya tsaya, ya ga duniya na juyawa. Ruwan bututun ne bai tsaya tare da shi ba.

Darasi na 4

In za ku tashi daga kwance, ku ɗan zauna bakin gado tukuna. Jirin da ya zo da nauyin harshe ko mutuwar hannu, a tafi asibiti nan take.