Yadda Ake Tace Ruwan Lambu Daga Ƙwan Tsutsar Ciki

Manomin rani a Katsina da ke ɗiban ruwan kwata ko na kududdufi, musamman mai latas da kabeji da ake ci ɗanye, ya haƙa rami ya tara ruwan, ya bar shi ya kwana biyu, domin ƙwan tsutsar ciki ya fi ruwa nauyi, nutsewa yake yi. Kada bokiti ya taɓa gindin ramin, don zai tayar da laka. Ruwan saman ya bi ta duro mai tsakuwa a ƙasa da yashi mai laushi a sama, a riƙa kankare yashin idan ya toshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ƙwan ya wuce 1 a kowace lita. A zuba ruwan a gindin shuka, kada ya taɓa ganye.