Gyaran Ramukan Iskar Kan Inji a Gida

Kayan aiki: ƙaramin injin gurza, bakunan gurza na kabaid (wani ƙarfe mai tauri), samfefa mai lamba 80 da 120, tabarau da takunkumi.

Da farko cire bawul-bawul, ka wanke kan injin da kalanzir. Ɗora gasket, ka zana iyakar ramin da alƙalamin maka.

Sai gurza. A hankali, malam, ƙurajen da zubin ƙarfe ya bari a cikin ramin kawai za ka share. Bayan bangon ramin hanyar ruwa ce, in ka huda ta, kan injin ya tashi aiki. Kada ka taɓa mazaunin bawul. In kan injin na alminiyam ne, alminiyam na toshe bakin kabaid, don haka riƙa tsoma bakin a kalanzir.

Ramin shigar iska bar shi da ɗan kaushi, na hayaƙi kuwa goge shi sumul.

Wanke tas, ka rufe da leda, ƙurar hunturun Gusau ba ta da kirki.