Kurakuran da aka fi yi wajen jiran a-kori-kurar da aka yi oda daga masana'anta

A Amurka da Kanada, wanda ke son a-kori-kura ta zo masa yadda yake so, da injin da ya zaɓa, da tsawon bodin baya, da launin fenti, yakan je wurin dila ya yi oda a ƙera masa ita. Daga ranar sa hannu zuwa ranar karɓar makulli, in komai ya tafi daidai, wata biyu zuwa uku ne. In an samu tangarɗa, abin kan zarce wata shida. Yawancin asarar da ake tafkawa a wannan tsakani daga abu biyu take fitowa: maganar da ba a rubuta ba, da ɗaura kuɗi a kan ranar da babu wanda ya yi alkawarinta.

Oda a kwamfutar dila ba oda ba ce a masana'anta

Nan aka fi ɓata lokaci. Mutum ya biya kafin alƙalami, an miƙa masa takarda mai jerin kayan da ya zaɓa, sai ya koma gida yana ƙirga makonni. Alhali kamfani ba ya ƙera mota don dila ya shigar da oda kawai. Kowane dila yana da kasonsa na kowane samfuri, kuma ana ware kason ne galibi bisa yawan abin da ya sayar a baya. Ƙaramin dila da ke sayar da manyan a-kori-kura jefi-jefi zai iya karɓar oda goma alhali kasonsa na wata mota biyu ne kacal. Sauran takwas ɗin suna nan kwance a kwamfuta.

Saboda haka, kafin ka ba da ko dala ɗaya, tambayi manajan saida motoci, ba yaron da ya tare ka a ƙofa ba: kaso nawa kuke samu na wannan samfurin a wata, kuma oda nawa ke gabana? Bayan an shigar, ka karɓi lambar odar, ka riƙa tambayar matsayinta da lamba. A General Motors, masu Chevrolet Silverado da GMC Sierra, 1100 na nufin odar tana hannun dila, 2000 kamfani ya karɓa, 3000 ta shiga tsarin ƙira, 3800 an ƙera, 4200 an ɗauko ta, 5000 ta iso wurin dila. Wanda odarsa ta yi wata biyu a 1100 bai ma shiga layi ba tukuna. A Ford kuma akwai lambar fifiko da dila ke sa wa kowace oda, ƙaramar lamba ce ake fara dubawa a cikin odar dilan, kuma kamfanin na son hujjar cewa odar ta mutum ce takamaimai, wato takardar da ka sa wa hannu da hoton lasisinka. Idan dila ya yi sakacin tura su, sai a ɗauki motarka kamar wadda ya yi oda don ajiyewa a fili.

Alamar da za ka dogara da ita ita ce lambar VIN, wato lambar shaidar kowace mota, mai haruffa da lambobi 17. Sai an ba ka ita tare da makon ƙira za ka fara lissafi. Na goma a jerin yana nuna shekarar samfuri, na sha ɗaya masana'antar da za ta ƙera, na farko kuma ƙasa: 1, 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko.

Farashin baki

"Kada ka damu, za mu daidaita in ta iso." Wannan magana ta cinye wa mutane dubban daloli. Ranar da mota ta sauka, bayan ka yi wata huɗu kana jira, kai ne mai rauni a ciniki, kuma dila ya san haka. Sai ka ga an ƙara kuɗin "yanayin kasuwa", da man kare fenti, da baƙin gilashi, da iskar naitirojin a taya, abubuwan da ba ka nema ba. Tun ranar oda ka sa a rubuta jimillar kuɗin da za ka biya ka fita da mota: farashinta, kuɗin dako daga masana'anta wanda a manyan a-kori-kura ya kai wajen dala 2,000 ko fiye, kuɗin takardu, haraji da rajista. A rubuta cewa ba za a ƙara mata komai ba sai da izininka. A rubuta ko kafin alƙalamin, wanda yawanci dala 500 zuwa 1,000 ne, zai dawo in ka fasa ko in motar ta zo ba yadda aka yi oda ba. A kuma rubuta abin da zai faru in kamfani ya ƙara farashi kana cikin jira, domin wasu kamfanonin na riƙe wa mai oda tsohon farashi, amma sai dila ya nema. Manaja ya sa hannu.

Kuskure na gaba ƙarami ne a ido: rashin karanta takardar oda layi-layi. Bodin baya na ƙafa 5.5 da na ƙafa 6.5 lamba ɗaya ce ta raba su a takarda. Haka ma giyar ƙafafun baya, 3.31 ko 3.55 ko 3.73, wadda ke canza nauyin tirelar da motar za ta iya ja. Gyara na yiwuwa ne kafin a sa motar a jadawalin ƙira. Bayan nan ƙofa ta rufe. Akwai kuma masu yawan canje-canje, yau launi gobe kujeru, suna mayar da kansu baya a layi. Canji ɗaya ne yake da amfani: in dila ya ce wani kaya da ka zaɓa ya yi ƙaranci, kamar wani irin wili ko murfin bodin baya, cire shi. Abin da za a iya sa maka a gari cikin yini ɗaya bai kamata ya riƙe mota wata biyu ba. Ka kuma lura da ƙarshen shekarar samfuri: odar da ba a sa a jadawali ba kafin a rufe, sai an sake shigar da ita a sabuwar shekara, da sabon farashi, wani lokacin ma launin ko injin da ka zaɓa an daina shi.

An ƙera ba ya nufin tana hanya

Haɗa mota a layin masana'anta ba ya ɗaukar lokaci. Dako ne mai cin rai. F-150 ta Ford daga Dearborn ta Michigan ko Claycomo ta Missouri take fitowa, Super Duty, manyan na Ford, daga Louisville ta Kentucky, Ram 1500 daga Sterling Heights ta Michigan, manyan Ram kuma daga Saltillo ta Meziko. Akasarinsu jirgin ƙasa ke ɗauka, a taragu masu hawa biyu, kuma tarago ba ya tashi sai an cika shi da motocin da za su yanki ɗaya. A tashar sauke kaya ma sai ta jira tirelar da za ta bi ta wurin dilanka. Mako biyu zuwa shida ba abin mamaki ba ne. Ban da wannan, ana iya tsare mota don binciken inganci. A 2021, lokacin ƙarancin ƙananan na'urorin kwamfutar mota, dubban Super Duty da aka gama haɗawa sun yi ta zama a filin tseren Kentucky Speedway suna jiran kayan da suka rage. A 2023 yajin aikin ƙungiyar ma'aikatan kamfanonin mota ta UAW ya tsayar da wasu masana'antu na makonni. Kuma idan aka yi kiranyen gyara kan lafiyar samfurin, dokar tarayyar Amurka ta hana dila miƙa sabuwar mota sai an gyara, ko da tana tsaye a gabanka.

Don haka ranar isowa da dila ya faɗa hasashe ce. Kada ka sayar da tsohuwar motarka a kanta, sai ka ƙare da haya. Farashin da aka yi wa tsohuwar in za ka bayar a yi ciko yakan ƙare cikin mako guda, sai an sake kimantawa. A yawancin jihohin Amurka kuma ba da ita ga dila na rage harajin sabuwar, ban da irin su Kalifoniya. Amincewar rancen banki kwana 30 zuwa 60 take yi, to ka nema bayan mota ta hau hanya, kuma ka tambayi bankuna da yawa a cikin mako biyu domin a lissafa binciken tarihin bashinka da za su yi a matsayin ɗaya. Inshora ma da lambar VIN za ka shirya ta, ta fara aiki ranar karɓa.

Ranar karɓa

Ɗoki ke sa mutum ya sa hannu da daddare a ƙarƙashin fitilar shago. Je da rana, kuma ka duba mota kafin ka shiga ofis, domin dokar Amurka da ke ba mai saye damar fasa wasu cinikayya cikin kwana uku ba ta shafi motar da aka saya a wurin dila ba. Riƙe takardar odarka a hannu, ka gwada ta da takardar farashi da ke manne a gilashi, kaya bayan kaya. Shafa bayan hannunka a kan bonet da rufi: in ka ji kamar yashi, ko ka ga ɗigo-ɗigon tsatsa a farin fenti, ƙurar ƙarfen layin dogo ce, a wanke ta da maganinta kafin ta ci. Leƙa gefen wili da ƙarƙashin bamba, inda sarƙa da gadar tirela ke kwarzana. Auna iskar taya, don akan cika ta fiye da ƙima saboda dako, ka mayar da ita abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. A nan ne kuma za ka ga takarda mai launin rawaya da ke faɗin nauyin da wannan motar takamaimai za ta iya ɗauka. Kowane ƙarin kaya da ka zaɓa ya rage shi, don haka lambar talla ba taka ba ce. Duk abin da ya rage, makulli na biyu, tabarmar ƙafa, gyaran wata loɓawa, a rubuta shi a takardar abubuwan da kake bin dila, da sa hannu.

In don jan tirela ka saye ta, kada ka ɗaura mata a makon farko. Littafin Ford ya ce a bari sai ta yi mil 1,000, na General Motors mil 500, domin haƙoran giyar baya su zauna da juna kafin a ɗora musu nauyi.